Tankaɗe da rairaya kafin ranar zaɓe: abin da ke tare mace a hanyar shugabancin ƙasa

A watan Yulin 1960 Sirimavo Bandaranaike ta zama firaministar Silon, ƙasar da yau ake kira Siri Lanka, kuma ita ce mace ta farko a duniya da ta riƙe wannan muƙami. Kafin nan ba ta taɓa zama 'yar majalisa ba, ba ta taɓa riƙe ma'aikata ba. Mijinta ne ke kan kujerar, aka harbe shi a 1959, jam'iyyarsa ta shiga ruɗani, jiga-jiganta suka rasa wanda za su tsayar kowa ya bi. Sai suka roƙi matar marigayin ta karɓi tuta. Ta karɓa, ta ci zaɓe, daga baya ma ta sake hawa kujerar har sau biyu.

Yau shekara sittin da ɗoriya ke nan, amma a cikin ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya, fiye da rabi mace ba ta taɓa jagorantar su ba. Amurka ba ta taɓa yin shugaba mace ba. Faransa ta yi firaminista mace sau biyu, amma kujerar shugaban ƙasa, inda ainihin iko yake, maza ne kaɗai suka taɓa zama a kanta. Japan sai a 2025 ta samu firaminista mace ta farko. A nahiyar Afirka kuwa, matan da suka ci babban zaɓen shugaban ƙasa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

In ka tambayi mutane dalili, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce jama'a ba sa zaɓen mace. Akwai gaskiya a ciki, kuma zan zo kanta. Amma ni a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. A 1937, da cibiyar Gallup ta tambayi Amurkawa ko za su jefa wa mace ƙuri'ar shugaban ƙasa in ta cancanta, kashi 33 cikin ɗari ne suka ce e. A 'yan shekarun nan masu cewa e sun haura kashi 90. A 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump yawan ƙuri'un jama'a da kusan miliyan uku, tsarin wakilan jihohi ne ya ba shi kujerar. Masu nazarin zaɓukan majalisa sun daɗe da lura cewa in mace ta samu tikitin babbar jam'iyya a mazaɓar da jam'iyyar ke da ƙarfi, takan ci kamar yadda namiji zai ci. Wuyar aikin tana wajen samun tikitin. Kafin mai zaɓe ya bi layi, an riga an yi tankaɗe da rairaya na shekara ashirin ko talatin, kuma takardar da ake miƙa masa a rumfa abin da ya rage ne bayan wannan tankaɗen.

Wanda yake son ya gane inda katangar take, ya duba ta ina waɗanda suka shiga suka bi.

Da yawansu ta ƙofar gidansu suka shiga. Indira Gandhi ta Indiya 'yar firaminista Jawaharlal Nehru ce. Benazir Bhutto ta Pakistan 'yar tsohon firaminista Zulfikar Ali Bhutto ce, wanda gwamnatin soja ta rataye a 1979. Matan nan biyu da suka yi ta karɓa-karɓar mulkin Bangladesh daga 1991 zuwa 2024, Khaleda Zia matar shugaba Ziaur Rahman ce da aka kashe a 1981, Sheikh Hasina kuma 'yar Sheikh Mujibur Rahman ce da aka kashe a 1975. Corazon Aquino ta Filifins, mijinta aka harbe a filin jirgin saman Manila a 1983. Violeta Chamorro ta Nikaraguwa, mijinta ɗan jarida aka kashe a 1978. Megawati ta Indonesiya 'yar Sukarno ce, Park Geun-hye ta Koriya ta Kudu 'yar Park Chung-hee.

Akan jero waɗannan sunaye don a raina matan, a ce albarkacin uba ko miji suka ci. Ni abin da nake karantawa a jerin daban ne. Sunan gida yana ba ɗan takara abubuwan da ba a cin zaɓe sai da su: a san shi a kowane lungu, ya samu mabiya da suka riga suka ɗaura ɗamara, ya kuma samu masu kuɗin da suka saba zuba wa gidan. Namijin da ba ɗan kowa ba yana da hanyoyin tara waɗannan da guminsa. Yana iya fitowa ta soja, ta ƙungiyar ƙwadago, ta kasuwanci, ta kujerar gwamna. A zamanin waɗancan matan, duk waɗannan hanyoyi a toshe suke ga mace, gado kaɗai ya rage a buɗe. Sannan manyan da suka tsayar da su sau da yawa sun yi haka ne da tunanin za su riƙa juya su daga bayan fage. Haka dattawan jam'iyyar Congress suka zata da suka ɗora Indira a 1966. A 1969 ta tsaga jam'iyyar biyu, mafi yawan mabiya suka bi ta, dattawan suka zama 'yan kallo.

Ƙofa ta biyu mutuwar shugaba ce ko tsige shi. Isabel Peron a Ajantina a 1974, Megawati da Gloria Arroyo ta Filifins a 2001, Joyce Banda a Malawi a 2012, Samia Suluhu Hassan a Tanzaniya a 2021, dukansu mataimakai ne da kujera ta faɗo musu. Jam'iyyu suna jin daɗin sa mace a matsayin mataimakiya, domin yana jawo ƙuri'ar mata ba tare da an saki ko da kwabo na iko ba, kuma babu mai sa mutuwar shugaba a lissafinsa. Abin da ya faru a Malawi ya nuna haka ƙarara. Tun 2010 jam'iyyar shugaba Bingu wa Mutharika ta kori Joyce Banda, tana nan a matsayin mataimakiya ta suna kawai. Da shugaban ya rasu, sai wasu na kusa da shi suka ɓoye labarin, suna neman yadda za su tsallake ta. Kundin tsarin mulki ne ya tsaya mata, sojoji kuma suka ƙi goyon bayan a karya shi. Da aka zo zaɓen 2014, ta zo ta uku.

Ƙofa ta uku kuwa ita ce ta rikici, kuma a nan ne karin maganar nan ke aiki, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Margaret Thatcher ta karɓi jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Birtaniya a 1975 bayan jam'iyyar ta sha kaye sau biyu a shekara ɗaya. Angela Merkel ta zama shugabar jam'iyyar CDU ta Jamus a 2000 bayan badaƙalar kuɗin gudummawa ta ɓata sunan manyan jam'iyyar, har da Helmut Kohl da ya raine ta a siyasa. Ellen Johnson Sirleaf ta ci zaɓen Laberiya a 2005 bayan yaƙin basasar da ya ɗauki shekara goma sha huɗu ana yi ana tsayawa, lokacin da jama'a suka gaji da masu bindiga, matan kasuwa kuma suka bazama suna yi wa 'yan'uwansu mata rajista. Theresa May ta hau kujerar firaministar Birtaniya ne a 2016 bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai ta kori David Cameron. Wasu sun mayar da wannan dama mulki mai tsawo, kamar Merkel da ta yi shekara 16. Wasu kuwa kaskon wuta kawai aka miƙa musu. Kim Campbell ta karɓi gwamnatin Kanada a 1993 daga hannun firaministan da jama'a suka riga suka juya wa baya. Bayan 'yan watanni aka yi zaɓe, jam'iyyarta ta tashi da kujera biyu tak a majalisa. Masu bincike a jami'ar Exeter ta Ingila sun nuna irin wannan a kamfanoni tun 2005: an fi miƙa wa mace ragama idan jirgi ya fara shan ruwa.

Abin da ƙofofin nan uku suka yi tarayya a kai shi ne duk suna kauce wa zaɓen fid da gwani na lokacin lafiya, lokacin da jam'iyya ke da tabbacin nasara kuma kowane babba yana son kujerar. A irin wannan lokacin ne ba a cika ganin mace ba.

To, me ke faruwa a cikin jam'iyya? Kusan kowace babbar jam'iyya a duniya tana da reshen mata, kuma su ne ke cika filin taro, su ne ke shiga gida-gida, su ne ke tsayawa a rumfa har a gama ƙirga. Amma ɗakin da ake raba tikiti wani ɗaki ne daban. Mutane ƙalilan ne ke shiga, galibi da dare, galibi tsofaffin abokan juna da suka yi makaranta ɗaya ko suka ci bashin juna na siyasa shekara da shekaru. Wanda zai fito daga ɗakin da tikiti shi ne wanda suka amince zai tuna da su in ya hau. Amana kuwa zama tare ke gina ta, kuma mace ba a saba zama da ita a wannan wurin ba. In ta kutsa ta zauna, ƙazafi na jiran ta a waje. A zaɓen fid da gwani na jam'iyyar PDP a Najeriya a 2011, Sarah Jibril ƙuri'a ɗaya ta samu daga dubban wakilai. Wakili a irin wannan taro ba ra'ayinsa yake jefawa ba, umarnin ubangidansa yake bi.

Tsarin mulkin ƙasa ma yana da nasa tasiri. A tsarin firaminista, mace tana buƙatar ta shawo kan 'yan majalisar jam'iyyarta ne, mutane ɗari biyu ko uku da suka ga aikinta da idonsu, kuma suka san in ta gaza za su iya sauke ta gobe. A tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko, mutum ɗaya ne zai ɗauki yaƙin neman zaɓe na ƙasa baki ɗaya a kansa, a sayar da fuskarsa da muryarsa, a kuma nuna shi a matsayin babban kwamandan askarawa. Shi ya sa matan da suka yi firaminista suka fi waɗanda suka ci irin wannan zaɓen yawa. Yana da kyau kuma mai karatu ya lura idan ana jero masa sunayen shugabanni mata: da dama daga cikinsu, kamar Sahle-Work Zewde ta Habasha a 2018 ko shugabannin Indiya mata biyu, kujerar girmamawa suka riƙe, ikon zartarwa yana hannun firaminista namiji.

Tun ran gini tun ran zane. Ba a tashi da safe a zama ɗan takarar shugaban ƙasa. Akwai kujerun da ake takawa. Gwamna, magajin babban birni, ministan kuɗi, na tsaro, na harkokin waje, shugaban jam'iyya. Ƙididdigar ƙungiyar majalisun dokoki ta duniya, IPU, ta nuna mata kusan kashi 27 cikin ɗari ne na 'yan majalisa a duniya, kuma taswirar da take fitarwa tare da hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya kullum abu ɗaya take nunawa game da ministoci: mata sun fi yawa a ma'aikatun harkokin mata, yara, iyali da walwalar jama'a. Waɗannan ma'aikatu masu muhimmanci ne, ban raina su ba, amma ba a ɗaukar su a matsayin makarantar shugabanci, kasafinsu kaɗan ne, kuma mai riƙe da su ba ya tara mabiya. Duba matan da suka ci zaɓe ba tare da sunan gida ba. Sirleaf ta taɓa yin ministar kuɗi. Michelle Bachelet ta Cile ministar tsaro ce kafin ta ci zaɓe a 2006. Dilma Rousseff ta Burazil ta riƙe ma'aikatar makamashi, sannan ta zama shugabar ma'aikatan fadar shugaban ƙasa. Netumbo Nandi-Ndaitwah, da ta ci zaɓen Namibiya a 2024, ta yi shekaru a ma'aikatar harkokin waje kafin ta zama mataimakiyar shugaba. Inda kuma barikin soja ya zama babbar hanyar shiga fada, ko ta juyin mulki ko ta janar mai ritaya ya sa farar hula, maganar mace ba ta tasowa tun farko.

Sai kuɗi. Takara tana cin dukiya tun kafin kowa ya san kana yi, kuma kuɗin farko su ne masu wuya. Wasu mata a Amurka sun gane haka suka kafa ƙungiyar EMILY's List a 1985, sunan ma daga wata magana aka ciro shi mai cewa kuɗin farko kamar yisti ne, su ke sa ƙullu ya tashi. Mai ba da gudummawar siyasa ba sadaka yake yi ba, jari yake zubawa, kuma yana zuba wa wanda ya yi kama da mai nasara. Tunda waɗanda suka yi nasara a baya maza ne, namiji ne ke kama da mai nasara. Ba a ba ta kuɗi don ana ganin ba za ta ci ba, ba ta ci ba don ba a ba ta kuɗi ba, faɗuwarta kuma ta zama hujjar hana wadda za ta biyo baya. Ga shi a mafi yawan ƙasashe mata sun fi ƙarancin filaye da gidaje da hannun jari da za su sayar ko su jinginar su fara da nasu.

Akwai wani jari da ba a cika lissafawa ba, shi ne lokaci. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ne ke yin kusan kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da yara da tsofaffi da marasa lafiya, aikin da ba a biyan kowa. Shekarun da ɗan siyasa ke gina kansa, daga ashirin da biyar zuwa arba'in da biyar, su ne daidai shekarun haihuwa da reno. Namiji ɗan siyasa yakan yi sati ba ya gida don akwai mai riƙe masa gidan. Mace 'yar siyasa ba kasafai take da irin wannan mai riƙon ba, shi ya sa da yawa suke shiga a makare, su iske sa'o'insu maza sun ba su ratar shekara goma sha biyar.

Kuma ko ta haihu ko ba ta haihu ba, sai an yi magana. Sa'o'i kaɗan bayan Jacinda Ardern ta zama shugabar jam'iyyar Leba ta Niyu Zilan a 2017, 'yan jarida suka fara tambayar ta ko tana da niyyar haihuwa. Ta haihu a 2018 tana firaminista, kamar yadda Benazir Bhutto ta yi a 1990, kuma gwamnati ba ta tsaya ba. Julia Gillard ta Ostareliya ba ta da ɗa, sai wani sanata ya ce ba ta dace da shugabanci ba don da gangan ta ƙi haihuwa. Theresa May ma ba ta da ɗa, abokiyar takararta a cikin jam'iyya ta nuna cewa ita da take uwa ta fi ta damuwa da makomar ƙasa, maganar da ta jawo mata surutu har ta janye. Gaba kura, baya sayaki. Haka abin yake wajen hali. In ta yi taushi a ce ba za ta iya da sojoji ba, in ta yi zafi a ce ba ta da kunya. Thatcher sai da ta koyi rage sautin muryarta don kada a ce tana tsiwa. Sanna Marin ta Finland, da aka ga bidiyonta tana rawa da ƙawaye a 2022, sai da ta yi gwajin ƙwaya don ta wanke kanta, gwajin kuma bai nuna komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne yadda ake raba laifi. Shugaba namiji in ya gaza, shi ya gaza, babu mai cewa mun gwada namiji mun gani. Mace in ta gaza, duk mata ne suka gaza. Ba ina cewa kada a tuhume su ba. Kotu ta kama Park Geun-hye da laifin cin hanci, Sheikh Hasina kuma boren jama'a ne ya kore ta a 2024 bayan an zubar da jini, kuma kasancewarsu mata bai rage musu nauyin abin da suka yi ba. Amma hukuncin nasu ne su kaɗai. Kuma sau da yawa ma'aunin ba ɗaya ba ne. An tsige Dilma Rousseff a 2016 kan zargin saɓa ƙa'idar kasafin kuɗi, shugaban majalisar wakilan da ya buɗe mata shari'ar tsigewar kuwa, Eduardo Cunha, daga baya shi aka ɗaure kan cin hanci.

Tsoro kuwa ba a baki ya tsaya ba. A 2016 IPU ta tattauna da 'yan majalisa mata 55 daga ƙasashe 39. Kusan kashi 82 cikin ɗari sun ce an ci zarafinsu ta hanyar zagi, barazana ko tozartawa, kashi 44 kuma an yi musu barazanar kisa, fyaɗe, duka ko sacewa. An kashe Jo Cox, 'yar majalisar Birtaniya, a 2016. An kashe Marielle Franco, kansila a birnin Rio, a 2018. An kashe Benazir a Rawalpindi a ƙarshen 2007 tana fitowa daga taron yaƙin zaɓe. Maza ma ana kashe su a siyasa, gaskiya ne. Bambancin shi ne harin da ake kai wa mace yakan bi ta jikinta da mutuncinta da 'ya'yanta. Kwanaki kaɗan bayan Diane Rwigara ta ce za ta tsaya takarar shugabancin Ruwanda a 2017, aka watsa hotunan tsiraici a intanet aka ce nata ne, ita kuwa ta ce haɗa su aka yi. Yanzu da kwamfuta ke iya ƙirƙiro hoto da murya cikin minti ɗaya, wannan makami ya shiga hannun kowa. Kuma ba wadda aka yi wa kaɗai yake rauna ba. Matashiyar lauya da ke tunanin neman kansila tana kallo, mahaifinta da mijinta ma suna kallo, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka san abin da za ka yi wa naka. A nan ake rasa mafi yawan matan da da sun yi nisa, tun ba su sayi fam ba.

Shi ya sa nake taka-tsantsan da masu cewa ai matan ne ba sa fitowa. Haka ne, ba sa fitowa da yawa. Masu bincike Jennifer Lawless da Richard Fox sun shafe shekaru suna tambayar lauyoyi da 'yan kasuwa da malaman makaranta a Amurka, suka ga mace mai ilimi da gogewa daidai da namiji ta fi shi shakkar cancantarta, kuma shugabannin jam'iyya sun fi zuwa wurin namiji su ce masa ya fito. Wanda ba a taɓa gayyata ba, ya kuma ga abin da aka yi wa waɗanda suka je, rashin zuwansa lissafi ne na mai hankali.

Batun addini da doka yana buƙatar a yi shi da natsuwa. A 'yan wurare ƙalilan shingen a rubuce yake. Kundin tsarin mulkin Iran ya ce shugaban ƙasa zai fito daga cikin "rijal" na addini da siyasa, kalmar da ake jayayya ko maza take nufi ko fitattun mutane, kuma majalisar da ke tantance 'yan takara ba ta taɓa amincewa da mace ba. A tsakanin Musulmi akwai hadisin Abu Bakra da ke cikin Bukhari, cewa mutanen da suka ɗora mace a kan al'amarinsu ba za su rabauta ba. Mafi yawan malaman farko sun kafa hujja da shi wajen hana mace babban shugabanci. Wasu malaman zamani suna cewa an faɗe shi ne kan Farisawa da suka naɗa 'yar Kisra, suna kawo labarin Sarauniyar Saba a Suratun Namli, suna kuma bambanta halifanci da shugabancin da majalisa da kotu suka ɗaure. Akwai ɗarikun Kirista da su ma suke karanta wasiƙun Bulus a matsayin hani. Mai imani da ya riƙe fahimtarsa da gaskiya ba abin raini ba ne. Sai dai tarihi ya nuna siyasa takan ja fatawa fiye da yadda fatawa ke jan siyasa. A zaɓen Pakistan na 1965, jam'iyyar Jama'atul Islami, wadda ta yi fice wajen adawa da shugabancin mace, Fatima Jinnah ta mara wa baya don a kayar da Janar Ayub Khan. Pakistan, Bangladesh, Turkiyya da Indonesiya duk sun yi shugabar gwamnati mace, alhali Faransa sai 1944 ta ba mata ƙuri'a, Suwizalan kuma sai 1971.

Yanzu ga mai zaɓe, kamar yadda na yi alkawari. Ƙyamar tana nan, kuma ta fi abin da ake gaya wa masu jin ra'ayi yawa, domin mutum yakan ji kunyar faɗin ta. Akwai kuma wadda ta fi ta yaɗuwa: ni dai zan zaɓi mace, amma sauran jama'a ba za su zaɓe ta ba, don haka mu tsayar da namiji kada mu faɗi. Bayan faɗuwar Clinton a 2016 da ta Kamala Harris a 2024, an ji wannan magana sosai a Amurka. Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne wannan ƙyama tana narkewa da gani. Tun 1993 Indiya ta ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka da shugabancinsu. Masaniyar tattalin arziki Esther Duflo da abokan aikinta sun bi diddigin abin a jihar Bengal ta Yamma, suka ga ƙauyukan da mace ta shugabanta zango biyu, mazansu sun rage raina aikin shugaba mace, mata sun fi cin zaɓe ko bayan an cire tilascin, iyaye kuma sun ɗaga burinsu a kan 'ya'yansu mata.

Ware kujeru dai ba ya kai mace fada shi kaɗai. Ruwanda ta fi kowace ƙasa yawan mata a majalisa, sama da kashi 60 tun 2013, amma Paul Kagame ne ke mulki tun 2000, an hana Rwigara takara, 'yar adawa Victoire Ingabire kuma ta yi shekaru a kurkuku. Inda kujerar sama ba a buɗe take ga kowa ba, yawan mata a majalisa ba zai buɗe ta ba.

Meziko ce ta fi nuna yadda abin ke tafiya idan an matsa a inda ya dace. Sai 1953 matan ƙasar suka samu ƙuri'a a zaɓen tarayya. Da aka fara tilasta wa jam'iyyu ba mata wani kaso na tikiti, sai suka gano dabara: su tsayar da mace, su sa namiji a matsayin madadinta, in ta ci ta ajiye masa kujerar. Haka wasu 'yan majalisa suka yi a 2009, ƙasar ta ɗauki zafi. A 2011 kotun zaɓe ta yanke cewa madadin mace dole ya zama mace. A 2014 aka sa rabi-da-rabi na 'yan takarar majalisa a cikin kundin tsarin mulki, a 2019 aka faɗaɗa shi zuwa sauran sassan gwamnati, sannan aka matsa wa jam'iyyu su tsayar da mata a takarar gwamna. Cikin shekara goma aka samu tarin mata da suka riƙe jihohi da ma'aikatu da kwamitocin majalisa, masu mabiya da masu ɗaukar nauyi na kansu. Da zaɓen 2024 ya zo, manyan ƙawancen jam'iyyu biyu duk mata suka tsayar, Claudia Sheinbaum, tsohuwar shugabar gwamnatin babban birni, da sanata Xóchitl Gálvez. Sheinbaum ta ci da kusan kashi 60 cikin ɗari.

Ko a can ɗin ma, ɗakin raba tikiti bai rushe ba. Sheinbaum ta daɗe tana aiki da shugaba Andrés Manuel López Obrador tun yana riƙe da babban birnin, kowa ya san ita ce 'yar gaban goshinsa, kuma babban abokin hamayyarta a cikin jam'iyya, Marcelo Ebrard, ya yi ƙorafin cewa ba a yi musu adalci ba a tantancewar. A watan Satumban 2023, wata tara kafin jama'a su jefa ƙuri'a, López Obrador ya miƙa mata sandar jagorancin tafiyarsu da hannunsa a gaban 'yan jarida.